Motar lantarki da ta fetur: wacce ta fi barin kuɗi a aljihu?

Aminu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Lokacin canza mota ya zo mini, na kuma rasa wadda zan kama. Wasu na cewa in sayi ta lantarki in huta da gidan mai da gareji, wasu kuma na cewa kuɗin da ban zuba a tanki ba, batir ne zai cinye shi har da ƙari. Ta lantarkin da nake kallo ta fi takwararta ta fetur tsada sosai. Abin da nake so in sani shi ne, idan aka haɗa komai tun daga ranar saye har ranar sayarwa, wacce ta fi sauƙi? Maganar hayaƙi da muhalli daban take, yau lissafin kuɗi kawai nake nema.

Hajiya Zainab:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ni ta lantarki nake hawa, kuma ba na jin zan koma ta fetur. Da daddare nake jona ta a gida, da safe in zare waya in kama hanya. Kuɗin wutar gida ya ƙaru, wannan ba musu, amma ƙarin bai kai rabin abin da nake kashewa a mai a da ba. Ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi, ba matsalar salansa. Ko zuwa layin gidan mai da na daina yi ma wani hutu ne.

Alhaji Sale:
Hajiya, ki yi haƙuri, abin da kika faɗa gaskiya ne amma da saura. Saye da sayar da motoci ita ce sana'ata. Mai shi ne abin da mutum ke gani, domin kullum sai ya sa hannu a aljihu. Amma babban abin da sabuwar mota ke ci shi ne faɗuwar darajarta, kuma wannan ba a jin zafinsa sai ranar da aka zo sayarwa. Ki jira ranar da za ki sa taki a kasuwa, sannan mu ƙarasa lissafin.

Injiniya Bashir:
Alhaji, za mu zo kan maganarka, domin tana da nauyi. Amma bari mu fara da abin da Aminu zai iya lissafawa da kansa a daren nan.

Motar fetur matsakaiciya tana shan kusan lita 7 a tafiyar kilomita 100. Ta lantarki mai girman haka tana cin tsakanin kilowat-awa 15 zuwa 20 a wannan tazara. Kilowat-awa shi ne yunit ɗin nan da mitar gida ke ƙirgawa. Wajen caji kuma ana asarar kusan kashi 10 cikin 100, ko fiye kaɗan, domin waya da na'urar caji suna ɗaukar zafi. Saboda haka mu sa yunit 20 daga mita. Ke nan lita 7 a gefe guda, yunit 20 a ɗaya gefen. In ka raba, lita ɗaya tana daidai da kusan yunit 3.

To Aminu, duba takardar wutarka ka ga nawa ne yunit ɗaya, ka ninka sau 3. Idan abin da ka samu bai kai kuɗin lita ɗaya ba, tafiya da lantarki ta fi maka araha. Misali, a ce kuɗin lita ɗaya zai sayi yunit 6, to litar nan 7 kuɗin yunit 42 ke nan, kai kuwa 20 kawai za ka sha. Ka ga ka rage fiye da rabi, daidai da abin da Hajiya ta gani.

Dalilin wannan tazara a cikin injin yake. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 9, amma injin mota ba ya kai ko sulusinsa ga taya. Sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Ita kuwa ta lantarki, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ta sha daga bango yana isa taya. Ga kuma wani abu: in ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki, injinta na juyewa ya mayar da wuta cikin batir. Shi ya sa a cunkoson gari ta fi yin kyau, a inda ta fetur ke tsaye tana ƙona mai a banza. A babbar hanya kuwa, da gudu sosai, tazarar na raguwa, domin iska na cin wutarta da sauri.

Maryam:
Injiniya, duk wannan lissafin naka ya tsaya ne a kan abu guda: mutum na da inda zai jona mota a gida. Ni a bene nake haya, a bakin titi nake ajiye mota. Ba zan zuro waya daga hawa na uku ba, mai gidan kuma ba zai kafa mini wurin caji ba. Irina dole sai cajin kuɗi a waje, kuma masu cajin gaggawa ba sa sayar da yunit a farashin gida. Suna da kuɗin na'ura, kuɗin fili, kuɗin jawo babbar wuta, ga riba. A wurare da yawa yunit ɗinsu ya ninka na gida sau biyu ko uku. Ɗauki misalinka: yunit 20 sau uku ya zama kuɗin 60, alhali fetur 42 ne. Ka ga ni asara ma zan yi. Abin da ke damuna shi ne, mai gidan kansa da garejinsa shi ke samun arahar, ɗan haya kuwa, wanda ya fi buƙatarta, shi ke biya da tsada.

Injiniya Bashir:
Haka ne, Malama Maryam, ban da ja a nan. Wanda ba shi da caji a gida ko a wurin aiki, ban ga ribar da zai ci a ɓangaren wuta ba. Wanda ke da shi kuwa ba ya ma buƙatar wani babban abu. Soket na gida mai kyau yana ba da kusan kilowat 2, a awa 10 na dare ya ba ka yunit 20, wato kilomita 100. Amma a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidan tukuna, domin jan wuta na tsawon dare ba wasa ba ne ga tsohuwar waya. In kana son na'urar caji ta bango mai kilowat 7, sai ka sa kuɗinta da na ɗaurawa a cikin kuɗin motar.

Kuma farashin wuta ma yana motsi. A 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren, wuta ta yi tsada ƙwarai a Turai, masu cajin waje suka ji a jikinsu.

Nura:
To inda wuta ba ta tsayawa fa? Ba sai mutum ya tayar da janareto ya yi caji ba?

Injiniya Bashir:
Nura, don Allah kada kowa ya yi wannan da sunan tattali. Ƙaramin janareton fetur ba ya fitar da ko yunit 2 cikakku daga lita ɗaya. Yunit 20 ke nan sai ka ƙona sama da lita 10, don ka yi tafiyar da motar fetur za ta yi da lita 7. Ka sayi mota mai tsada, ka kuma ƙara shan mai.

Sola ce mafita a irin wannan wuri. A ƙasa mai rana, faifan sola na kilowat 1 yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Mai tafiyar kilomita 40 a rana yunit 8 yake buƙata, wato faifan kilowat 2 ya ishe shi. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: lokacin da rana ke bayarwa, mota tana wurin aiki. In ka ce za ka tara wutar a batirin gida sai dare ka juye wa mota, ka sayi batir biyu ke nan, ka kuma yi asara sau biyu wajen juyawa. Wanda motarsa ke yini a gida, ko wurin sana'arsa na da rufin da zai sa faifan, shi ne zai more.

Malam Garba Bakanike:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Bari in faɗi abin da hannuna ya taɓa.

Maganar Hajiya a kan gyara gaskiya ce. In ka buɗe gaban motar lantarki, yawancin abubuwan da ke kawo mana mutane gareji babu su. Ba baƙin mai, ba filtarsa, ba fulogi, ba fambel, ba kuloci, ba famfon mai. Giyarta ma ɗaya ce a mafi yawansu. Birki kuwa, na kwance tayar wata da ta yi tafiya mai yawa, na sami kayan birkinta da sauran nama kamar ba a taɓa su ba, domin injin ne ke rage mata gudu. Abin da na gani a maimakon cinyewa tsatsa ce a kan faifan, saboda rashin amfani, sai da na goge na shafa mai a inda yake motsi.

Amma kada a ce babu kashe kuɗi. Motar na da nauyi, batir kaɗai na iya kai kilo ɗari uku zuwa ɗari biyar, kuma da ka taka take zabura. Wannan na cin taya. Mai ƙafa mai nauyi zai riga mai motar fetur canza taya, kuma tayarta ba ta araha ba ce. Shakazoba da ƙafafuwa su ma suna jin nauyin, musamman a hanya mai ramuka. Tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, kuma in ya mutu ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. Akwai ruwan sanyaya batir, akwai ruwan birki, akwai esi.

Babban abin da nake so Aminu ya riƙe shi ne wannan. Motar fetur tana yawan ciwo, amma ƙananan ciwo ne, kuma duk inda ta tsaya za a sami mai duba ta. Ta lantarki ba ta cika ciwo ba, amma ranar da na'urar cajinta ta ciki ko inbatarta ta ƙone, ba gyara ake yi ba, canzawa ake yi ɗungurungum. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinta suna ɗauke da bolt 400, wasu 800. Yaron da bai koya ba in ya sa hannu, ransa ne. Ni kaina ba na barin yarana su kusance su. Don haka kafin ka saya, ka tabbata akwai wanda ya iya ta kusa da kai, kuma akwai inda ake samun kayanta. Motar da ta yi wata biyu tana jiran kaya daga wata ƙasa, kuɗin motar haya da za ka kashe ya cinye ribar shekara.

Hajiya Zainab:
Malam Garba, Allah ya saka da alheri. Maganar taya kam na shaida. Amma ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, mai gwada kayayyaki don amfanin masu saye, ta yi bincike a 2020, ta ce in aka duba tsawon rayuwar mota, masu ta lantarki na kashe kusan rabin abin da masu ta fetur ke kashewa a gyara da kulawa. Rabi fa ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Garba Bakanike:
Ban ƙi ba, Hajiya. Amma a can an yi lissafin ne inda dilan motar ke kusa, kayanta kuma na kan kanta. Kowa ya duba nasa wurin.

Nura:
Ni dai batir ne tsorona. Wayar hannu ma bayan shekara biyu ba ta riƙe caji. Yaya mota za ta bambanta?

Injiniya Bashir:
Ta bambanta, Nura. Batirin waya kullum ana cika shi fal a ƙarar da shi tas, yana zafi a aljihu babu mai sanyaya shi. Na mota yana da kwamfuta mai lura da kowane ɓangarensa, tana hana shi cika ƙarshe ko ƙarewa ƙarshe, kuma yawancin na yanzu ruwa ke zagayawa yana sanyaya su. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, da alkawarin in ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 70 cikin 100 a wannan lokaci, gyara ko canji a kansu yake.

Tsoron nan yana da asali. Nissan Leaf ta farko da ta fito a ƙarshen 2010 tana da batir mai kilowat-awa 24, kuma ba shi da ruwan sanyaya. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ke da tsanani, suka yi ta kuka cewa ƙarfinsa na sauka da wuri. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, sai yawan cajin gaggawa, sai barin mota a cike fal tana tsaye a rana. Sanyi mai tsanani kuma yana rage nisan tafiya a lokacin, amma ba ya lalata shi kamar zafi. Duk wanda ke ƙasa mai zafi, ya tambaya yadda ake sanyaya batirin kafin ya tambayi launin mota.

Farashi kuma ya sauko ƙwarai. A ƙididdigar kamfanin bincike na BloombergNEF, a 2010 kilowat-awa ɗaya na batir ya haura dala 1,000. A 2023 ya dawo dala 139, a 2024 kuma 115. Batir mai kilowat-awa 60 ke nan kusan dala 7,000 a hannun masu ƙera mota. Kai da za ka saya a matsayin kayan gyara za ka biya fiye da haka, da kuɗin aiki. Kuɗi ne mai yawa, amma ba abu ne da kowane mai mota zai fuskanta ba. Ga kuma irin da ake kira LFP, wanda ba a sa masa kobalt da nikel, ya fi araha kuma ya fi jure yawan caji. Kamfanonin Sin irin su BYD sun yawaita amfani da shi.

Alhaji Sale:
Yawwa Injiniya, ka kawo ni inda nake so da bakinka. Wannan saukar farashin da kake yabo, ita ce ke yanka wanda ya riga ya saya. In sabuwa ta bana ta fi taka nisa kuma ta fi ta araha, wa zai ba ka kuɗin kirki a tsohuwa?

A Janairun 2023 Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta zabtare farashin sababbin motocinta a Amurka, wasu har kusan kashi 20 cikin 100. Wanda ya saya a Disamba ya kwana ya tashi ya ga motarsa ta zube ba tare da ta yi ko ƙwarzane ba. Kamfanin ba da hayar motoci na Hertz, wanda a 2021 ya yi shelar zai sayi Tesla 100,000, a Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, ya koma na fetur. Dalilin da ya bayar shi ne tsadar gyara bayan hatsari, ga kuma faɗuwar daraja da ta same shi. Waɗannan mutane ne da lissafin mota shi ne abincinsu.

Maganar hatsari ma a duba ta. Batir a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe. Bugun da motar fetur za a buga mata ƙarfe a yi fenti, a ta lantarki in ya taɓa akwatin batir, sai ka ji an ce a canza duka, ko kamfanin inshora ya ce motar ta tashi aiki. Shi ya sa inshorarta a wurare da yawa ta fi tsada, kuma wannan duk shekara ake biya.

In mai saye ya zo wurina kan motar fetur, zai tayar da ita, ya saurari injin, ya duba hayaƙi, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ya yanke hukunci. A ta lantarki ba abin da zai saurara. Abin da mutum ba ya iya aunawa kuwa, tayin tsoro yake yi masa.

Maryam:
Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba, wato hannun gwamnati. Mafi yawan labarin arahar da muke ji daga ƙasashen da aka sa tallafi yake fitowa. Norwe, inda a 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya na lantarki ne, ta kai nan ne domin ta daɗe tana yafe musu harajin saye na kashi 25 cikin 100, tana kuma ɗora wa na fetur haraji mai nauyi. A 2023 ta fara karɓar harajin a kan abin da ya haura kurona 500,000 (kurona ita ce kuɗin ƙasar) na kuɗin mota.

Kuma tallafi ba ya dawwama. Jamus ta yanke nata kwatsam a Disambar 2023. Amurka a da tana da rangwamen haraji har dala 7,500, ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2025. A Birtaniya, daga Afrilun 2025 motocin lantarki sun fara biyan harajin mota na shekara da a da aka yafe musu. Dole ma haka ta faru, domin gwamnatoci da yawa daga harajin mai suke samun kuɗi masu yawa, in mai ya ragu za su nemo su ta wata ƙofa. Wanda zai riƙe mota shekara goma kada ya gina lissafinsa a kan rangwamen bana.

Injiniya Bashir:
Gaskiya ne. Amma akwai inda tazarar farashin ta rufe da kanta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2024 kusan kashi biyu cikin uku na motocin lantarkin da aka sayar a Sin sun fi takwarorinsu na fetur araha. Inda irin waɗannan motoci ke shiga ba tare da harajin kwastan mai nauyi ba, tambayar Aminu ta canza gaba ɗaya, domin ba wani ƙarin kuɗi da zai jira ya dawo.

Isa Direba:
Ranku ya daɗe, ku bar mu mu ma mu sa baki. Ni haya nake yi, daga safe har dare ina kan titi. A wurina mai shi ne babban abokin rabo, kafin in kai wani abu gida sai na cire nasa. Juyen baƙin mai kuma da mai motar gida ke yi jefi-jefi, ni kusan kowane wata ne. Tun da na koma ta lantarki, abin da ke saura a hannuna da yamma ya ƙaru, ba na buƙatar takarda ta gaya mini. In na tsaya jiran fasinja da esi a kunne, wuta kaɗan take ci, ba kamar injin da ke ta ruri a tsaye ba.

Faɗuwar darajar da Alhaji ke faɗa ba ta tsorata ni ba, domin ni ba don in sayar na saya ba, zan hau ta har ta gaji. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da aiki ya yi yawa, cajin dare bai kai ni ba, sai na tsaya cajin waje. Ga tsada, ga rabin awa ko fiye ina zaune fasinja na wucewa. Wannan lokacin ma kuɗi ne.

Injiniya Bashir:
Malam Isa ya taɓo jijiyar maganar. Mu ce a kowane kilomita 100 kana rage kuɗin lita 3 da rabi. Mai tafiyar kilomita 10,000 a shekara ya rage kuɗin lita 350. Mai 50,000 irin Malam Isa ya rage na lita 1,750. A ce ƙarin da ka biya wajen saye ya kai kuɗin lita 5,000, misali kawai. Na farko sai ya haura shekara 14 kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na biyu kuwa bai cika shekara 3 ba. Mota ɗaya, farashi ɗaya. Aminu, kai wanne ne a ciki?

Aminu:
Na gode ƙwarai, jama'a. Ni tafiyata ba ta da yawa, daga gida zuwa aiki ne, sai kai yara makaranta, sai doguwar tafiya lokaci-lokaci. Ina da inda zan yi caji a gida, wuta kuma ba laifi. Amma ƙarin kuɗin sai na ciro shi daga jarin da nake juyawa.

Alhaji Sale:
To ɗana, kada ka taɓa jarinka saboda sabuwa. Kuɗin da ke juyawa yana haihuwa, wanda ka kulle a mota kuwa raguwa yake yi kullum. In ranka na son ta lantarki, nemi ta hannu mai shekara biyu ko uku. Faɗuwar nan da nake ta faɗa, wani ya riga ya ɗauke maka ita, garantin batir kuma da saura. A nan ne ni ma nake ganin riba. In kuwa doguwar tafiyar taka ta bi inda ba wurin caji, ka duba mai haɗa fetur da batir, irin wadda Toyota ta fara da Prius tun 1997. Ba a jona ta a bango, kuma tana rage shan mai sosai a cikin gari.

Hajiya Zainab:
Alhaji, ta hannun na yarda da kai. Mai haɗin ce ban yarda ba ga wanda ke da caji a gida. Zai ci gaba da juyen mai da fulogi da salansa, ga kuma batir a kai. Doguwar tafiyar da ba ta fi 'yan lokuta a shekara ba, ko hayar mota ya yi a ranakun ya fi masa sauƙi.

Malam Garba Bakanike:
Aminu, in ta hannun za ka saya, kada ka biya sai an jona mata na'urar bincike an karanto lafiyar batir, wato kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Kada ka yarda da nisan da allon gaba ke nunawa, domin wannan hasashe ne daga tuƙin baya, mai sayarwa na iya lallaɓa ta kwana biyu lambar ta yi kyau. A sa ta a rami ko a ɗaga ta, ka shiga da fitila ka duba akwatin batir daga ƙasa, ko akwai loɓawa, ko tsagewa, ko alamar an taɓa kwance kusoshinsa. Ka ɗaga darduma ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai laka ko tsatsa, domin motar lantarkin da ambaliya ta taɓa ko kyauta aka ba ka kada ka kai ta gida. Ka duba bakin cajinta ko ya dace da na wuraren cajin da ke kusa da kai, tunda na Japan daban, na Turai daban, na Sin daban. Sannan ka tambayi kamfanin a rubuce ko garantin na bin mota zuwa hannu na biyu, kuma ko yana aiki a ƙasar da kake, domin motar da aka shigo da ita daga wata ƙasa sau da yawa garantinta a can ya tsaya. In ka sami wadda kake so, turo mini hoton abin da na'urar ta karanto in duba maka kafin ku yi ciniki.